Marelbis a Sikelin Rogo

Motar ba tawa ba ce, ta gidan dambe ce, amma ni nake tuƙa ta, ni kuma take wa rashin mutunci. Ƙaramar bas ce fara, ko in ce da can fara ce. Daga Litinin zuwa Juma'a ina ɗaukar akwatunan kifi da ƙanƙara daga bakin tekun garinmu San Bernardo zuwa kasuwar Lorica, abin da aka samu shi ke biyan hayar rumfar da muke horo a ciki, da kuɗin wuta. Asabar kuma ta 'yan dambe ce. Shi ya sa duk inda muka je gasa, tun daga ƙofa ake gane yaranmu da ƙarnin kifi.

Gidan namu ba wani babba ba ne. Rumfar kwano ce a bayan cocin unguwa, da dandamali ɗaya da buhunan duka biyu. Kawuna Anastasio ne ya kafa shi. Kowa Profe yake ce masa, wato Malam, har mahaifiyata da suka fito ciki ɗaya. Da gwiwoyinsa suka ƙi, sai ya miƙo mini makullai, ya koma kan kujera yana ba da umarni da sanda. Ni ban yi nisa a makaranta ba, a damben ma ban yi nisa ba, don ba na son ganin jinin mutum a safar hannuna. Amma na iya lallashin yaro in ya sha duka, na iya tashi da sassafe, na kuma iya tuƙi.

A gidan dambe irin namu, duk abin da aka ajiye bai motsa ba ya zama kayan horo. Kujerar baya ta motar ita ce bencin da iyaye ke zama. Bel ɗin kujerun su ke riƙe da buhunan duka a jikin ƙarfen rufi. Jak ɗin motar yana ƙarƙashin dandamali tun daminar da katakon kusurwa ya ruɓe, shi ke tallafe da ita. Tayar safaya kuwa malamar kowa ce. Profe yakan sa a kwantar da ita a ƙasa, yara biyu kowa ya zura ƙafa ɗaya a ciki, su yi ta musayar naushi, ba mai damar ja da baya. An daɗe ba wanda ke yi wa waɗannan abubuwa kallon kayan mota. Da za ka tambayi yaran, cewa za su yi tare da rumfar aka gina su.

Marelbis ce babbar 'yar dambenmu. Shekarunta sha tara, mahaifiyarta tana suyar arepa, wainar masara, a tasha. Ba ta da yawan magana, amma hannunta na hagu yana da ita. A bana ta samu shiga gasar jiha a Montería, kuma wadda ta yi nasara a can za a ɗauke ta cikin tawagar jiha, da abinci da ɗan albashi da horo a birni. Ajinta kilo hamsin da ɗaya ne, jikinta kuwa hamsin da uku yake so. Don haka ta yi mako tana cin abinci kamar tsuntsuwa, tun daren Juma'a kuma ba ci ba sha. Ranar Asabar ake awon nauyi, ana rufewa da rana tsaka. Wadda ba ta hau sikeli ba, ko ta hau ta wuce ko da nauyin cokali ne, sai baɗi.

Matan unguwa ne suka haɗa kuɗin tafiyar da sayar da farfesun kifi bayan coci. Na mai ne, da na masauki, da na abincin da Marelbis za ta ci bayan awo. Na zuba mai, sauran na naɗe na sa a safa. Mu uku muka tashi, ni da Profe a gaba, ita a baya a kan jakar kayan dambe, tunda ba kujera.

"Dairo, rage gudu mana," in ji ta, "ramukan nan suna kaɗa mini hanji."

"Wane hanji?" in ji Profe. "Ai ba kowa a gidan."

Ba ta yi dariya ba. Mai yunwa ba ya gane raha.

Mun wuce Lorica da ɗan nisa, rana ta fara zafi, gonakin shanu dama da hagu, sai na ji fam! Motar ta ja hagu, ta ja dama, na riƙe sitiyari da addu'a har ta tsaya a gefen kwalta. Tayar baya ce ta dama. Na zagaya, na buɗe ramin safaya, na tsaya ina kallonsa. Akwai tsohon tawul a ciki da ɓawon kifi.

"Ina safayar?" in ji Profe daga taga.

"Tana gida, Kawu. Jiya ma a cikinta yara suka yi turmi huɗu."

"Jak fa?"

"Yana riƙe da kusurwa."

Ya sosa haɓa.

"Ai kuwa yana aiki mai kyau a can," in ji shi.

Wani mutum a kan jaki ya ce mana akwai mai faci gaba kaɗan, bayan gada. Gaba kaɗan ɗin mai jaki daban yake da na mai mota. Na ja motar a hankali a kan fasasshiyar tayar, tana fal-fal-fal, daga baya ta koma ƙarar ƙarfe a kan kwalta, ƙarar da nake ji har cikin haƙorana.

Wurin mai facin rumfar ganyen kwakwa ce a gindin wata babbar bishiyar mangwaro, da tsofaffin tayoyi jibge. Sunansa Nicanor, gajere mai tumbi, ba riga. Ya durƙusa ya duba, ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya tuƙo wannan?"

"Ni ne, Don Nicanor."

"Ɗan'uwa, ka kashe ta, sannan ka yi ta tattaka gawar. Dubi wilin ma ya lanƙwashe. Me ta yi maka?"

Ya leƙa ɗaya tayar ta baya, ya shafa ta da tafin hannu, ya janye da sauri don waya ta soke shi.

"Wannan ma ta yi wasiyya. Ba za ta ga Montería ba."

Ba shi da irin girman tayarmu. Surukinsa a Lorica yana da na hannu, masu sauran rai, da wili. Zai iya hawa babur ya ɗauko, amma surukin ba ya ba da kaya sai ya ga kuɗi, ko da uwarsa ce ta aiko. Da ya faɗi farashin tayoyi biyu da wili, sai na ji safata ta yi sanyi. Profe ya yi ciniki da sanda da rantsuwa da sunayen duk 'yan damben da ya taɓa horarwa. Nicanor ya rage kuɗin aikinsa, ya ce sauran ba nasa ba ne. Kuɗin da aka tsaya a kai shi ne duk abin da ke safata, ba ragi.

Na ja su gefe. Na ce ko dai mu bar motar a nan, mu tare bas, mu isa da kuɗin masauki da na abinci, ko kuma mu sayi tayoyin mu isa hannu rabbana. Ban faɗi sauran ba, don sun sani. In motar ta kwana a nan ba taya, ranar Litinin ba kifi, ƙarshen wata ba haya. Kuma tunda muka tsaya, bas biyu sun wuce maƙil da mutane, ko kallonmu ba su yi ba.

"Sayi tayar," in ji Marelbis.

"Me za ki ci bayan awo?"

"Mu fara kaiwa ga awon tukuna."

Na cire takalmi na ba Nicanor kuɗin. Ya shinshina su, ya yamutsa fuska, ya sa riga, ya hau babur.

"Yanzu zan dawo," in ji shi.

"Yanzunsa ku yi mata shimfiɗa," in ji wata murya daga gindin mangwaro.

Matarsa ce, Doña Temilda, doguwa kakkaura, da gashi naɗe cikin ɗankwali. Ita sana'arta sayen rogo da cuku daga hannun manoma, ta sayar wa manyan motoci masu wucewa birni. Ta ba mu kujeru a inuwa. Ba a jima ba ta fito da faranti, dafaffen rogo yana tururi, da nono mai gishiri, da jug na ruwan mazarƙwaila da lemon tsami, ƙanƙara tana ƙara a ciki. Ta ajiye a gaban Marelbis, don ita ta fi kama da mai bukata.

"Ci, 'yata. Dubi wuyanki kamar na zalɓe."

"Na gode, Doña. Ba zan ci ba."

"Ba za ki ci ba? Abincina ne bai yi miki ba?"

"Ba haka ba ne."

"To mene ne? Saurayi ne ya ce ki rame? Nuna mini shi."

Profe ya yi mata bayanin awo. Ta saurara hannu a ƙugu.

"Wato ku hana yarinya abinci, sannan ku kai ta a doke ta."

"Ita za ta yi dukan," in ji Profe.

"Da wane ƙarfin? Ku maza Allah ya shirye ku."

Ta ɗauke farantin daga gaban Marelbis ta kai bayan rumfa, don kada ƙamshin ya dame ta. Ni da Profe ma ba mu iya ci ba.

Rana ta yi ta hawa. Inuwar mangwaron ta tsuke, iska ta tsaya cak. Kowane babur ya taho sai in miƙe, in ga ba shi ba ne, in zauna. Marelbis tana zaune a kan wata taya, kanta a gwiwa. Leɓunanta sun bushe sun yi fari. Da ta tashi za ta zagaya, sai ta yi tangaɗi ta dafa bishiya. Profe ya kira ni da sanda.

"Ka ga yarinyar nan? In ta isa a haka, likitan awo ba zai bar ta ta yi wasa ba. Dole ta sha ruwa."

"To ta sha mana, Kawu."

"Nawa? Da safe a sikelinmu tana kan layi daidai. Ta yi gumi tun daga lokacin, amma ban san nawa ta zubar ba. In na ba ta a makance ta wuce, ni na kashe ta. In na hana ta ta faɗi, ni ne dai."

Ban taɓa jin Profe ya ce bai sani ba sai ranar.

Muna cikin haka wani manomi ya iso da jaki da buhunan rogo biyu, wani siriri mai malafa, Doña Temilda ta kira shi Evaristo. Ta miƙa hannu cikin reshen mangwaro ta jawo sikeli mai ƙugiya, irin mai agogo, a ɗaure da igiya. Suka rataya buhu, allura ta juya, ta faɗi nauyi, suka sauke. Ina kallonsu kawai don ba ni da abin kallo. Sai da suka rataya na biyu sannan kaina ya kawo.

"Doña, sikelin nan yana ɗaukar mutum?"

"Ya ɗauki alade ma."

"Na gode da kwatance," in ji Marelbis daga inda take.

Muka ɗaura madaukin igiya a ƙugiyar. Marelbis ta cire takalmi da rigar sama, ta kama igiyar da hannu biyu, ta naɗe ƙafafu, ta yi lilo kamar buhu. Evaristo ya cire malafa yana kallon ikon Allah. Na riƙe ta har ta daina juyawa, na saki. Allurar ta yi rawa ta tsaya.

"Hamsin!" in ji Profe. "Hamsin cif! Kilo guda gare ki, 'yata. Dairo, kawo jug ɗin nan. Ta sha rabi yanzu, rabi in an jima."

Na ruga na ɗauko. Marelbis ta karɓa da hannu biyu. Ta kai baki ke nan sai Doña Temilda ta ce:

"Tsaya."

Duk muka dube ta. Ita kuma ta dubi Evaristo, ta dubi sikelin, ta gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Evaristo, je ka duba jakinka."

"Jakina lafiyarsa lau."

"Je ka ba shi ruwa."

"Ya sha a gada."

Ta ja dogon numfashi.

"Wancan sikelin na Montería, na gaskiya ne?"

"Ko gashin ido yana gani," in ji Profe.

"To wannan yana da ɗan halinsa." Ta yi ƙasa da murya, amma muryarta ba irin mai yin ƙasa ba ce. "Na saye ne, ba na sayarwa ba. A buhu mai nauyin yarinyar nan yakan manta da rabin kilo. Da ɗan ɗoriya."

Evaristo ya mayar da malafarsa a hankali.

"Comadre," in ji shi, yadda ake kiran uwar ɗan baftisma, "ni na riƙe miki ɗa a coci ranar baftisma."

"Na sani."

"Tun yaron yana rarrafe nake kawo miki rogo. Yanzu yana da gemu."

"Kai kuma tun yana rarrafe kake bar mini ƙasar gonarka a jikin rogo! Da na tara ta da yanzu na yi fili. Ruwan da kake yayyafawa a buhu kafin ka iso fa? Kana tsammani ban sani ba?"

"Wannan don kada ya bushe ne."

"Wannan ma don kada ni in bushe ne."

Profe ne ya fara dariya, irin tasa mai tari. Evaristo ya so ya riƙe fuska, bai iya ba. Ya ce daga yau sai dai a riƙa auna rogonsa da yarinyar a gefe, don a gabanta kaɗai ake faɗin gaskiya. Doña Temilda ta ce ya ci gaba da surutu, zai koma gida da rogonsa.

Ta shiga ciki ta fito da wani ƙaramin kofin roba, ta karɓi jug daga hannun Marelbis, ta zuba da kanta, ta rage kaɗan, ta dubi Profe. Ya gyaɗa kai.

"Wannan kaɗai, 'yata. A hankali, kamar magani."

Marelbis ta daɗe a kan kofin nan. Takan kurɓa ta riƙe a baki, ta rufe ido, sannan ta haɗiye. Doña Temilda ta jiƙa tsumma da ruwan ƙanƙara ta ɗora mata a ƙeya, tana ta faɗa a kan maza da wasanninsu. Kafin kofin ya ƙare idon yarinyar ya dawo daidai.

Sai ga Nicanor, taya ɗaya a wuya, ɗaya a baya, wili a kan tanki. Ya ce surukinsa ya tafi jana'iza sai da ya bi shi har maƙabarta. Ba wanda ya tambaye shi ƙarin bayani. Ni da shi da Evaristo muka hau aiki, ɗaya na kwance noti, ɗaya na buga iska, Profe yana nuna mana abin da muka riga muka sani da sanda. Da aka sauke motar, Doña Temilda ta turo wata tukunya naɗe da tsumma ta taga.

"Ba na kyauta ba ne," in ji ta. "Tukunyar za ku dawo mini da ita. Ke kuma, in kin hau, ki yi dukan da ni ma zan ji a nan."

Ban taɓa gudu da motar nan irin na ranar ba. Sababbin tayoyin, in ana iya ce musu sababbi, ɗaya ta fi ɗaya tsayi kaɗan, motar tana tafiya a karkace kamar mai ciwon ƙugu. Profe bai ce in rage ba. Ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan yana kan giciyen wuyansa.

Da muka isa zauren wasanni rana tana tsakiyar kai. Na tsaya a inda ba a tsayawa. Marelbis ta fita da gudu ba takalmi, na bi ta, Profe yana biye da mu da sandarsa yana ihu a jira. A ciki sauran 'yan damben duk sun watse suna cin abinci a kan benci. Wata mata mai farar riga ta riga ta sunkuya za ta cire wayar sikelin daga bango.

"San Bernardo!" na ce, numfashina yana yankewa. "Hamsin da ɗaya, mata!"

Ta ɗago ta dube mu, ta dubi agogo, ta ɗan shaƙi iska.

"Ku ne masu kifin?"

"Mu ne."

"Hau."

Likita ya duba idon Marelbis da harshenta, ya ce ta wuce. Ta hau. Lambobin suka yi ta canzawa, ni kuwa na kasa kallo, sai na kalli ƙafafunta, duk ƙurar gindin mangwaro.

"Hamsin da ɗigo tara," in ji matar. "Ta shiga. Gobe da yamma."

Profe ya iso daidai lokacin. Ya nemi benci ya zauna, ya ɗora goshi a kan sandarsa.

Muka koma mota muka buɗe ƙofar baya, muka zauna a bakinta, ƙafafu a waje. A tukunyar akwai rogo, da soyayyen kifi, da babban yankan cuku, da kwalbar ruwan mazarƙwaila da ta riga ta yi ɗumi. Marelbis ta sha rabin kwalbar ba ta sauke ba, sannan ta sa hannu.

"A ina za mu kwana?" ta tambaya, bakinta cike.

"Ban sani ba tukuna. Mai gadin zauren nan yana da fuskar mutumin kirki. Akwai katifun motsa jiki a ciki, na gani."

"Ni ko a motar ma zan kwana."

"Ke a katifa za ki kwana," in ji Profe. "Mu ne na mota."

Wata doguwar yarinya ta wuce cikin rigar horo mai kyau, da mai horar da ita yana riƙe mata jaka. Ta dubi motarmu, ta dubi tukunyar, ta toshe hanci kaɗan. Marelbis ta bi ta da ido har ta sha kwana.

"Ita ce tawa ta gobe?"

"Ita ce," in ji Profe.

"Tana sauke hannun dama in tana tafiya. Ta nan haguna zai shiga."

"Ci abincinki."

Ta ɓare wani rogon, ta ɗora cuku a kai, ta miƙo mini rabi.